Tsatsa, samfefa da jan fenti: kundin gyaran taraktar gidanmu a Argungu

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Da hantsi muka shigar da taraktar rumfar bayan gida, ni da ƙanena da direbanmu, muka cire batir muka tokare tayoyi da duwatsu. An gama haron noman rani tun watan jiya, shinkafa ta kama a fadama, ba za mu sake nemanta ba sai lokacin yanka, idan aka fara kwaso buhuna. Ke nan wata biyu gare ni.

Massey Ferguson 375 ce, ƙirar Ingila, cikin waɗanda aka yi a Coventry tsakanin 1986 da 1997. Ba irin ta Pakistan ba ce da ake shigowa da su yanzu, ko da yake lambarsu ɗaya. Marigayi Baba ya saye ta hannu na biyu ina ɗan firamare, da ita aka ciyar da gidanmu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Injinta Perkins ne mai silinda 4, bara aka sauke shi aka gyara, bugu ɗaya yake tashi. Jikin ne ya lalace.

Na zagaye ta da sukudireba da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika. Duk inda fenti ya kumbura sai in danna. A madgad ɗin hagu, wato marfin tayar baya, sukudireba ya huda ya fita ta ɗaya gefen. Gidan batir yana ɓarɓashewa a hannu kamar ɓawon gyaɗa. A gefen bonet kuwa mayen ƙarfe ya ƙi kamawa, faɗin tafin hannu biyu, alamar fila ce, wato kwaɓin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi, aka lafta a wurin aka rufe da fenti.

Na san lokacin da aka lafta ta. Shekara 6 da suka wuce muka ba wani mai fenti ita, kwana biyu ya dawo mana da ita tana sheƙi, muka yi ta murna da saurinsa. Ashe bai kankare komai ba, a kan tsatsa da ƙura ya fesa. Damina biyu fentin ya yi ya fara tashi, ruwa ya samu wurin kwana a ƙarƙashinsa.

Kawu ya leƙo da la'asar ya tarar da ni kwance a ƙarƙashin madgad. Ya ce, "Hwenti bai noma, ɗana. Kuɗin ga da taki ka saya." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma ku zo ku gani." Na nuna masa ramin, na tuna masa mutum nawa ke zama a kan wannan ƙarfe kullum a hanyar fadama, taya na juyawa a ƙarƙashinsu. Ya zura yatsa ya ji kaifin bakin ramin, ya ce, "To, Allah shi taimaka."

Talata, 11 ga Fabrairu

Kwana biyu muna wanki. Lakar fadama baƙa ce mai danƙo, idan ta bushe sai an sa ƙarfe an ɓamɓare ta. Baro 3 muka cika daga ƙarƙashin madgad da kewayen aksul kawai. Bayan laka sai giris da baƙin mai: kananzir da buroshi tukuna, sannan omo da ruwan zafi, sannan muka ɗauraye da injin ban-ruwa. Bakin salansa da inda inji ke shaƙar iska da altaneta duk mun ɗaure su da leda kafin ruwa ya taɓa.

Ƙanena ya so mu tsallake wankin tunda ai za a kankare. Na ƙi. Idan ka sa samfefa a kan maiƙo, cusa shi kake cikin zanen ƙarfen, ranar feshi kuma fenti ya riƙa gudun wurin yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Da ta bushe sai ga yoyo biyu da datti ya ɓoye mana, ɗaya a marfin saman inji, ɗaya a wajen sitiyari. Makanike zai zo gobe. Ba a fenti a kan abin da ke tsiyaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun kwance bonet, ragar gaba, madgad biyu, matakai, kujera, gidan batir, fitilu da tankin mai. Notin kowane wuri da gwangwaninsa na madara, na rubuta sunan wurin a jiki. Wayoyin lantarki na ɗauki hotonsu da waya kafin a cire, na naɗa wa kowace salatif mai lamba.

Notunan madgad ne suka ci mana rana. Tun ranar Laraba nake ɗiga musu dizal gauraye da baƙin mai safe da yamma. Guda 9 suka amsa sifana, 4 sai da aka gasa su da wuta suka yi ja, 3 muka yanke da giranda. Wanda ya yi gardama ba a matsa masa da ƙarfi ɗaya, a ɗan ɗaure, a ɗan kwance, a ƙara mai. Idan ƙusa ta karye cikin aksul, wannan wani aikin ne na kwana guda.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau ban yi aikin hannu sosai ba. Na jera ƙarafan a ƙasa, cikinsu yana kallon sama, na zauna ina dubawa, domin ina so in san ta ina tsatsar ta shigo. Idan ban sani ba, bayan 'yan shekaru nan za mu dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bambancin madgad biyun. Na dama tsatsarsa ta sama ce, samfefa za ta ɗauke ta. Na hagu ya rube. Ruwa ɗaya ya dake su, laka ɗaya suka shiga. Direbanmu ne ya warware mini. Ya ce, "Yaya, ai nan muke ɗora buhun taki in ba a ɗaura tirela ba." Shi ke nan. Yuriya tana jan danshi daga iska, ta narke ta kwanta a kan ƙarfe. NPK kuma yawanci sinadarin fotash ɗin da ke cikinsa ɗan'uwan gishiri ne, kowa kuwa ya san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe. Buhu ya ɗan yage, ƙwayoyi su zube cikin lungun da ƙarfe biyu suka haɗu, raɓar fadama ta sauka, shekara da shekaru.

Gidan batir ruwan batir ne ya cinye shi, ana cika shi har ya tumbatsa, a hanya yana fantsama. Matakai takalmi ne ya suɗe fentinsu. Ƙasan bonet da ragar gaba kuwa suna da wani layi a miƙe, sama lafiya, ƙasa tsatsa. Wannan na gane shi da kaina: ambaliyar 2020 ce, wadda ta cinye shinkafar Kebbi. Taraktar ta maƙale a bakin fadama, kwanaki tana tsaye cikin ruwa kafin a jawo ta. Mun canja mata mai a lokacin, mun wanke inji, jikin ba wanda ya tuna da shi.

Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da ruwa da iska. Ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa kumburi, shi ya sa take ɗaga fenti, kuma tana riƙe danshi kamar soso, ta ci gaba da ci ta ciki. A nan wajenmu rabin shekara iska a bushe take, da ƙarfe ya daɗe. Mu ne muke tara masa danshi da laka da taki.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Kafin a fara kankara na sa aka kwashe ƙarafan zuwa kangon da ke bayan gari inda muke ajiye haro, nesa da gida. Inna ta tambayi dalili, tunda ga rumfa ga inuwa. Tsofaffin fentin injuna, musamman ja da rawaya, da yawansu akwai dalma a ciki, giranda kuma tana mayar da su ƙura. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Abin da ke jikin tarakta ɗaya bai kai wannan ba, amma gidanmu akwai masu rarrafe biyu. Mun shimfiɗa tamfol, kullum a tattara ƙurar cikin buhu a ɗaure. Kowa da takunkumi da tabarau, kayan aiki a kango suke kwana, a wanke hannu da fuska kafin a taɓa abinci.

Tsarin kankarar: buroshin waya a bakin giranda don ɓawon tsatsa, sannan samfefa mai lamba 80 mai gautsi, sannan 120 da ta fi ta laushi. A kan bonet ba a tsayar da giranda wuri ɗaya, ƙarfen siriri ne, zafi na lanƙwasa shi. Filar mutumin nan da na bi ta, kaurinta ya kai ɗan yatsa a tsakiya. A ƙarƙashinta lotsawa ce da guduma za ta fitar cikin minti goma, da jar tsatsa jiƙe.

Ina cikin bin gefen bonet na dama da hannu, fentin sama na tafiya, sai na ga fari yana ɓullowa a kan jan asali. Na tsayar da kowa. Na koma samfefa mai laushi ina bi a hankali. Harafi ya fito, wani ya biyo. KOMAI NA ALLAH NE. Rubutun da Baba ya sa aka yi mata ne shekarar da ya saye ta, mai fentin can ya bi ta kansa, mu kuma muka manta da shi sarai. Na daɗe a tsugune. Daga baya na aika aka sayo farar leda, na shimfiɗa a kai na bi kowane harafi da maka, har da inda hannun mai rubutun ya ɗan karkace. Na nuna wa Inna da daddare. Ta karɓa ta naɗe ta sa a akwatinta, ta ce in zo in karɓa ranar da ake bukata.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mai walda dattijo ne, tun zamanin Baba yake mana aiki. Ya ƙwanƙwasa madgad ɗin hagu da guduma yana saurare, ya zana da'ira da alli wadda ta ninka ramin sau uku. Na ce, "Malam, duk wannan?" Ya ce, "Wanga ƙarhe ya mutu, maigida. In ban kai ga mai rai ba, wuta ba ta da abin kamawa."

Ya yanke, ya ɗora kwali ya fitar da siffar gurbin, ya yanko faci daga falle mai kaurin milimita 1.5. Da waldar kabaid ya yi, ya ce ta lantarki huda siririn ƙarfe take. Bai ja wuta a miƙe ba: ɗigo nan, ya tsallaka can ya ɗiga, yaronsa na bi da jiƙaƙƙen tsumma, har ɗigon suka haɗe. Abin da ya fi burge ni, baki da baki ya haɗa facin. Da yawa ɗora faci suke a kan rami su zagaye da wuta, ya fi sauri, amma tsakanin ƙarfe biyun nan ɗakin ruwa ne. Gidan batir sabo ya ƙera gaba ɗaya. Na roƙe shi ya huda ƙananan ramuka a ƙasan kowane lungu don ruwa ya samu mafita. Lotsawar bonet ya fitar da ita da guduma, yana tallafe da dunƙulen ƙarfe ta ciki.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. Aiki ya koma daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 10, bayan nan ƙarfe ba ya taɓuwa, mutum ma haka.

Inda tsatsa ta yi zurfi ta bar ƙananan ramuka kamar zanzana, buroshi ba ya kaiwa ƙasansu. Na sayo ruwan kashe tsatsa a Sakkwato, asid ne na fosfarik, yana juya jar tsatsa ta koma baƙa mai tauri wadda fenti ke iya zama a kai. Na shafa da buroshi, safar roba a hannu. Cikin minti kaɗan wurin ya yi baƙi. Na bar shi ya bushe.

Asabar, 8 ga Maris

Fila. A kan walda da ragowar lotsawa kaɗai, kuma siririya, ba inda ta wuce milimita 2 ko 3. Ma'aunin hadna, sinadarin da ke sa ta taurare, kaɗan ne, kashi 2 cikin 100, kamar ƙwayar wake a kan dunƙulen da ya kai ƙwan kaza. Da zafin nan ba ta jira. Kwaɓin farko ya daskare mini a kan faranti kafin in kai rabi, sai na koma kwaɓa cokali biyu biyu. Ba a rage hadna don a samu lokaci, filar ba za ta nuna ba har ciki.

Na naɗa samfefa a jikin katako mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, 80 sannan 180. Da tafin hannu kawai yatsu na bin kwari suna ƙara shi. Kuma a bushe ake gogar fila, tana shan ruwa, ta kai shi ga ƙarfen da ke ƙasa. Ido yana ruɗi a wannan aiki. Rufe ido nake in shafa da tafin hannu, tudu da kwari duk sai su bayyana.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau raina ya ɓaci, kuma laifin nawa ne.

Jiya muka fesa firaima, fentin ƙasa mai hadna, a kan komai. Ya kwanta lafiya, toka-toka, gwanin kyau. Da safe na manna salatif a madgad ɗin hagu don gwaji, na fizge. Firaimar ta biyo shi kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Na gwada a bonet, ko gezau. Na gwada a mataki, ta biyo. Duk inda ta tashi, inda na shafa ruwan kashe tsatsa ne.

Na koma na karanta jikin robar da kyau. Ba a barin asid ɗin ya bushe a kan ƙarfe. Ana riƙe shi a jiƙe ya yi aikinsa, a wanke ragowar, a busar nan take. Ni na lafta shi da yawa, zafi ya busar da shi kafin ya gama, ya bar wani farin gari mai ɗan danƙo da ban kula da shi ba. A kan wannan garin firaimar ta zauna, ba ta taɓa ƙarfe ba. Da ban yi gwajin salatif ba, da ja ya hau, da daminar bana ce za ta gaya mini. Abin da na zargi mai fentin can da shi ne na kusa yi, na rufe abin da ban gyara ba.

Ƙanena ya ce a bar shi, ai ƙasan madgad ba mai gani. Na ce masa nan ne ma ruwa ke zama.

Asabar, 15 ga Maris

Mun kankare duk wuraren da suka tashi. Na sake jiƙa su da asid ɗin don ya narkar da tsohon, na goge da buroshi yana jiƙe, na ɗauraye sosai, na busar da iskar kwamfiresa da rana, na bi da 180, na goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, muka fesa a ranar. Kwana biyu da rabin galan sun tafi. Gobe salatif.

Alhamis, 20 ga Maris

Salatif ya fito fes a wuri 12.

Na yayyafa baƙin fenti sama-sama a kan firaima, na bi da 320 a katako. Inda baƙi ya rage kwari ne, inda ƙarfe ya leƙo tudu ne. Bonet sai da ya sha wannan sau biyu. Daga nan 400, sannan 600 da ruwa, tunda yanzu firaima ta rufe filar.

A gida kuma mun yi gangar jikin, inji da giyabos da aksul, da fentin mai launin toka mai duhu irin nata na asali. Wannan ƙarfen zubi ne mai kauri, tsatsarsa ba ta wuce sama, buroshin waya da wankin tina sun ishe shi. Rufe abin da ba a so fenti ya taɓa ya fi feshin cin lokaci: bel, tiyo, ragar lagireto, kan nonon giris, sandar da ke juya injuna ta baya, da ɗan farantin da ke ɗauke da lambar tarakta. Wannan farantin na rufe shi da hannuna. Da shi ake sayen kayan gyara daidai, da shi ake shaida tarakta idan an sace. Na ga taraktoci da yawa an shafe nasu da fenti. Wilin tayoyi mun yi su ruwan azurfa, muka soka katunan kwali tsakanin wili da roba.

Talata, 25 ga Maris

Ja na sayi mai hadna, irin na motoci, awo 2 na fenti, 1 na hadna, da ɗan tina. Ya fi fentin mai tsada, amma dizal ba ya narkar da shi, bonet kuwa kullum cikin ɗigon dizal yake, kuma ya fi jure ranarmu. Illarsa hadnar: tururinta na lalata huhu, tana sa asma, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. A manyan gareji iska ake turo wa mai feshi ta tiyo daga waje. Mu abin da muka iya, takunkumi mai gwangwanin gawayi sabo, riga mai dogon hannu, rumfa buɗe ta gefe biyu, ba kowa a wurin sai mai feshi da mai riƙe tiyo.

Janareta ya ƙi tashi sai ƙarfe 10 saura. Da na haƙura zuwa gobe. Ban haƙura ba, ina ganin Sallah ta matso. Zafi ya riga ya hau, fentin yana bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe, ya sauka da gautsi kamar yashi. Na matso da bindigar don ya jiƙe, sai ya zubo da hawaye a kusurwa. Ana cikin haka guguwa ta taso daga filin ƙwallo ta ratsa rumfar. Bonet yanzu kamar samfefa yake. Madgad ban taɓa su ba, alhamdu lillahi.

Juma'a, 28 ga Maris

Na bar bonet kwana biyu ya yi tauri, na goge shi da 600 da ruwa har ya kwanta. Wani dattijon mai fentin motoci a Birnin Kebbi da na kira ya ce in nemi tina mai jinkirin bushewa, kuma kada rana ta fito ta same ni ban gama ba.

Tun jiya da yamma muka shirya komai. An gwada janareta, an zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa, an kewaye gefen da iska ke fitowa da tamfol, an rataye ƙarafan da waya. Bayan sahur muka yi asuba muka wuce kango. Ƙanena ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Fitila ba mu kunna ba saboda ƙwari, muka jira gari ya waye daidai yadda ido zai gani. Na tace fentin da ƙyalle mai laushi.

Tazarar taƙi ɗaya tsakanin bindiga da ƙarfe, hannu a miƙe, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafin farko siriri, don na biyu ya samu abin kamawa. Minti 10, na taɓa salatif ɗin gefe, yana danƙo amma ba ya biyo yatsa. Na biyu cikakke. Na uku a bonet da saman madgad. Gefuna da lunguna nake fara bi kafin fili, don nan fenti ke yin siriri, nan kuma tsatsa ke fara kamawa. Ƙarfe 8 saura muka wanke bindiga.

Ƙwaro ɗaya ya faɗa a madgad ɗin dama, na bar shi sai ya bushe. Sauran kuwa, na tsaya gaban bonet na ga kan bishiyar dogon yaro da ke bayana a cikinsa. Mun ja tamfol muka tafi shirin masallaci.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, ƙarafan suka samu kwana 5 ba mai taɓa su, abin da suke bukata ke nan. Cikin madgad da gidan batir mun ƙara musu baƙin fenti mai kwalta, saboda tsakuwa da laka. Notuna duka sababbi, kowanne da giris a zarensa. Duk inda ƙarfe zai zauna kan ƙarfe na yanka tsohon tub na sa a tsakani. Batir ya samu tiren roba da maɗauri. Mutum huɗu muka ɗaga bonet, gefunansa naɗe da tsumma. Wayoyi sun koma bisa lambobinsu, fitila ɗaya ta ƙi kamawa har sai da na kankare fenti a inda wayar as, wadda ke mayar da wuta ta jikin tarakta, ke taɓa jiki, na shafe wurin da giris.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sitikun gefe masu lamba 375 sun iso daga Ƙofar Ruwa a Kano, mun manna da ruwan sabulu. Da safe na je wurin Inna na karɓi ledar. Mai rubutun allon shaguna ya zo da buroshinsa, ya duba ya ce zai iya gyara haruffan su fi haka daidaita. Na ce a'a, yadda suke nake so, har karkacewar. Ya huda layukan da allura, ya buga garin alli ta cikin hudojin, ya bi da farin fenti. Inna ta fito har ƙofar gida, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta karanta a hankali ta yi wa Baba addu'a. Kawu ya zagaya taraktar sau biyu, ya hau mataki ya zauna a madgad ɗin hagu, ya ɗan jijjiga ya ji ƙarfinsa. Ya ce a kai shi fadama ya ga shinkafa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

An fara yanka. Sawu 7 ta yi yau da tirela. Da yamma na tarar da ƙarzuwa mai tsawon ɗan yatsa a madgad ɗin dama, sarƙa ce ta goga har firaima. Na wanke wurin, na ɗiga ragowar ja da ɗan buroshi kafin magariba.

Mun zauna da direba da ƙanena. Taki ba zai sake hawa madgad ba ko buhu ɗaya ne, kafinta zai yi akwatin katako a bayan kujera don ƙananan kaya. Duk ranar da ta shiga laka za a wanke ƙasanta kafin ta kwana, a zura waya cikin ramukan da Malam ya huda. Rumfar na bukatar kwano 4 kafin ruwan farko. Tirela da haro ban taɓa su ba, ƙasan tirelar ya fi madgad ɗin hagu lalacewa. Na auna shi ɗazu, falle 3 zai ci, Malam ya ce in kawo ta bayan an gama kwasar shinkafa.